Yadda ake haɗa titunan da 'yan sa-kai suka zana da bayanan hukuma a taswirar OpenStreetMap

OpenStreetMap, taswirar duniya ta intanet da kowa ke iya gyarawa, wadda Steve Coast ya assasa a Ingila a shekarar 2004, da guminsu 'yan sa-kai suka gina ta. Wani ya hau babur wayarsa na ɗaukar sawun GPS, wani ya zauna gaban kwamfuta yana bin hoton tauraron ɗan'adam yana jan layi, wani kuma ya san sunan da mutanen unguwa ke kiran titi ya rubuta shi. A ɗaya gefen, ofisoshin safiyo da ma'aikatun ayyuka da hukumomin ƙidaya suna da nasu tarin bayanan hanyoyi, wanda sau da yawa ya kai lungunan da ƙafar ɗan sa-kai ba ta taɓa takawa ba. Ranar da irin wannan fayil ya faɗo hannun mai taswira, abin da zuciya ke fara raya masa shi ne ya juye shi gaba ɗaya cikin taswira ya huta. Daga nan ɓarna ke somawa, domin a ko'ina aka riga aka yi zane, kowane titi zai zama biyu, ɗaya kwance a kan ɗaya, ba tare da sun san da juna ba.

An taɓa yin wannan juyen a babban mataki, kuma darasinsa yana nan. Daga ƙarshen 2007 zuwa farkon 2008 aka shigar da bayanan TIGER na Hukumar Ƙidayar Amurka, bugun 2005, cikin taswirar. Cikin watanni kaɗan ƙasar ta cika da tituna, amma bayanan an tattara su ne domin ma'aikatan ƙidaya su gano gidaje, ba domin direba ya bi su ba. Layuka da yawa sun kauce daga inda titin yake a ƙasa, an sa wa tarin hanyoyin gona da na shiga gidaje laƙabin titin unguwa, kuma da yake gunduma-gunduma aka shigar da su, hanyoyi sun riƙa yankewa a kan iyakar gunduma ba su haɗu da ci gabansu ba. Kowane layi ya zo da alamar tiger:reviewed=no, ma'ana ba wanda ya duba shi tukuna, kuma har yau ana cin karo da wannan alama a karkarar Amurka. Ƙa'idojin shigar da bayanai da ake bi yanzu, da irin wannan gogewa aka tsara su. Ginshiƙinsu, a fahimtata, shi ne cewa aikin 'yan sa-kai shi ne mai gida, bayanan hukuma baƙo ne, kuma titi-titi ake yanke shawarar inda za a saukar da baƙon.

Fara da lasisi

Kafin ka buɗe fayil ɗin ma, ka nemo sharuɗɗan amfani da shi a rubuce. Tun watan Satumba na 2012 bayanan OpenStreetMap suna ƙarƙashin lasisin ODbL, wanda ya bai wa kowa damar kwafa da sarrafawa har da kasuwanci, don haka ba a shigar da abin da mai shi bai yarda a yi masa haka ba. Kasancewar hukuma ta sa fayil a shafinta na intanet, ko wani jami'i ya tura maka shi a waya, ba izini ba ne. TIGER ta shiga ne saboda a dokar Amurka ayyukan gwamnatin tarayya mallakar jama'a ne, kuma ba kowace ƙasa ke da irin wannan doka ba. Ko lasisin CC BY 4.0, wanda hukumomi da ƙungiyoyi da yawa ke so, bai wadatar shi kaɗai ba: sai mai bayanan ya sa hannu a takardar sassauci da ke cewa ya amince a ambaci sunansa a jerin masu ba da gudummawa kawai. Idan bayanan na Ofishin Babban Safiyo na Tarayya ne a Abuja, ko na wata hukumar filaye ta jiha, ko na cibiyar taswira ta ƙasa da ke Yamai, ka rubuta takarda ka nemi amsa a rubuce da hatimi, ka adana ta. Lokacin sauyin lasisi na 2012 an goge bayanan da ba a samu amincewar masu su ba, ƙasashe irin su Ostireliya da Folan suka yi asarar aiki mai yawa, har da gyare-gyaren da wasu suka ɗora a kai da zuciya ɗaya.

Auna ingancin fayil ɗin, ka daidaita ma'auninsa

Buɗe fayil ɗin a manhajar QGIS, wadda kyauta ce, ka shimfiɗa hoton tauraron ɗan'adam a ƙarƙashinsa, sannan ka sauko da titunan OpenStreetMap na yankin daga Geofabrik ko ta Overpass, kafofin intanet da ake sauko da bayanan taswirar ta cikinsu, ka ɗora su a shimfiɗa ta uku da wani launi dabam. Zaɓi wurare kamar 20 da suka sha bamban, cikin gari da bayan gari da ƙauye, ka duba su da idonka. Shekarar da aka tattara bayanan ita ce tambaya ta farko, domin unguwannin bayan gari na Kano ko Kaduna ko Maraɗi suna sauya kama cikin 'yan shekaru. Ta biyu ita ce ko layukan na titunan da ke ƙasa ne, ko kuwa na titunan da aka tsara a takardar rabon filaye waɗanda ba a taɓa buɗewa ba. Fayilolin hukumomin filaye sukan ƙunshi irin waɗannan, kuma in ka shigar da su za ka tura mai mota ya ratsa ta tsakiyar gonar wani.

Idan ka ga duk layukan sun gusa gefe ɗaya da tazara iri ɗaya, kada ka yi saurin zargin masu awo, matsalar ma'auni ce. OpenStreetMap tana aiki da WGS 84, ma'aunin da ke tantance matsayin kowane wuri a doron ƙasa, mai lamba EPSG:4326, wanda GPS ke amfani da shi. Tsofaffin taswirorin Nijeriya kuwa a kan ma'aunin Minna aka yi su, kuma bambancin da ke tsakanin biyun a yankin Kano ya kai kimanin mita 80 ta fuskar gabas da yamma, tazarar da ta isa ta ɗauke titi ta ɗora shi a kan layin gidajen da ke bayansa. Bayan wannan akwai batun shiyya: a tsarin UTM, wanda ya yanka duniya shiyya-shiyya domin awo da mita, Nijeriya ta faɗa cikin shiyyoyi na 31 da 32 da 33, kuma tana da nata tsarin na yamma da tsakiya da gabas. Domin sanin ma'aunin da aka yi amfani da shi, duba ƙaramin fayil mai ƙarewa da .prj da ke rakiyar fayil ɗin, in babu shi ka tambayi waɗanda suka ba ka. Bayan ka juya bayanan zuwa WGS 84, ka sake gwada su a kan wata mahaɗa da ka sani sarai, wadda sawun GPS da yawa suka ratsa. Kada ka dogara da hoto shi kaɗai wajen wannan gwaji, domin hotunan Bing da na Esri su ma sukan gusa da 'yan mitoci, kuma sawun GPS masu yawa da suka taru wuri ɗaya sun fi su zama shaida.

Fassara rabe-raben hukuma zuwa laƙuban taswira

Hukuma takan raba hanyoyi bisa wanda ke da alhakin gyara su: ta tarayya, ta jiha, ta ƙaramar hukuma. Taswirar kuwa tana raba su ne bisa amfaninsu ga jama'a, kuma masu taswira a Afirka suna da tsarin da suka amince da shi mai suna Highway Tag Africa. A tsarin, hanyar da ke haɗa ƙauye da ƙauye highway=unclassified ce ko da ta turɓaya ce, highway=track ta zuwa gona ko daji ce, highway=residential ta cikin unguwa ce, highway=path kuma wadda mota ba ta iya bi. Kwalta ko burji ko yashi ba su ke tantance matsayin hanya ba, laƙabin surface ne ke ɗauke da wannan. Ina jaddada wannan domin kuskuren da aka fi yi shi ne a mayar da duk hanyar da ba kwalta track, sai manhajojin nuna hanya su ƙi bi ta wurin, ƙauyukan da ke da kasuwa da asibiti su zama tamkar ba a iya kai musu.

Yi jadawali mai gida biyu, rukunin hukuma a hagu, laƙabin taswira a dama, kuma duk rukunin da ba ka gane ma'anarsa ba ka bar shi waje. Lambar hanya, kamar A2 da ta haɗa Kaduna da Zariya da Kano, a ref ake sa ta, ba a gurbin suna ba. Sunayen da suka zo da manyan haruffa zalla ko a taƙaice ka gyara su, domin TIGER ta zo da sunaye a taƙaice sai da aka bi su daga baya ana warwarewa. Lambobin cikin gida na hukuma, da tsawon titi, da sunan gundumar da yake ciki, duk ka zubar da su. Taswira tana lissafa tsawo da kanta, sauran kuma nauyi ne kawai ga wanda zai yi gyara bayanka.

Rubuta shirinka, ka sanar da jama'a

Ka rubuta shafi a kundin bayanai (wiki) na OpenStreetMap da ke nuna tushen bayanan, takardar izini, jadawalin laƙubba, yadda za ka haɗa su da abin da ke akwai, da yadda za a janye aikin in ya ɓaci. Ka gabatar da shi ga al'ummar masu taswira ta ƙasar da kuma masu sa ido kan shigar da bayanai, ka jira aƙalla kwana 14. Ka buɗe asusu na dabam domin wannan aiki kaɗai. Ka kuma duba tarihin titunan yankin ka ga sunayen waɗanda suka fi zana su, ka aika musu saƙo kai tsaye, domin wanda ya shekara yana aiki a kan garinsu ya cancanci ya ji labari daga bakinka kafin ya gani a taswira. Shigar da bayanai ba tare da waɗannan ba yakan sa kwamitin kula da bayanai na gidauniyar OpenStreetMap ya janye aikin baki ɗaya.

Raba titunan gida uku

Yanzu koma QGIS. Juya shimfiɗun biyu zuwa ma'aunin da ke lissafi da mita, kamar UTM na shiyyarka, sannan ka zagaye kowane titin OpenStreetMap da ɗamara mai faɗin mita 15 zuwa 20 a kowane gefe. A cikin tsohon gari inda lunguna ke matse da juna ka rage ta zuwa mita 8 ko 10, in ba haka ba ɗamarar wani lungu za ta haɗiye maƙwabcinsa. Daga nan ka lissafa kashi nawa na tsawon kowane titin hukuma ya faɗa cikin ɗamarar. Wanda kusan dukkansa ya faɗa ciki, yana nan a taswira tun da farko, kuma layinsa ba zai shiga ba, sai dai a ci amfanin sunansa ko lambarsa. Wanda bai taɓa ɗamarar ba sai a bakinsa, sabo ne. Wanda rabinsa ke ciki rabinsa ke waje, shi ne mai cin lokaci, domin yana iya zama titin da ɗan sa-kai ya faro bai ƙarasa ba, ko titi ɗaya da aka zana a wurare biyu saboda ɗaya daga cikin masu zanen ya kauce.

Wannan lissafi tankaɗe ne kawai, ba hukunci ba. Yanka yankin ƙanana-ƙanana, kowane yanki daidai abin da mutum ɗaya zai gama a zama ɗaya, ka fitar da kowanne a fayil nasa.

Aikin hannu a JOSM

A nan ainihin haɗin yake. Sanya JOSM, manhajar kwamfuta da ake gyara taswirar da ita, tare da ƙarin kayan aikinta: opendata domin buɗe fayilolin hukuma, utilsplugin2 domin sauya siffar layi, da todo domin bin tituna ɗaya bayan ɗaya ba tare da tsallake ko ɗaya ba. Buɗe fayil ɗin yankin a shimfiɗarsa, ka danna masa zaɓin hana ɗorawa domin kada hannu ya kuskure ya aika shi ɗungurungum. Sauko da sabbin bayanan taswira na yankin a shimfiɗa ta biyu a daidai lokacin da za ka fara, domin wanda ka sauke jiya yana iya zama an taɓa shi da dare.

Fara da sababbin tituna, su ne masu sauƙi. Duba kowanne a hoto, in kana ganinsa ka kwafo shi zuwa shimfiɗar taswira, ka daidaita shi, ka haɗa bakinsa da titin da ya fito daga ciki. Idan ba ka ganinsa a hoto kuma babu sawun GPS a kansa, ka bar shi, ka rubuta shi a jerin wuraren da za a je a gani.

Sai waɗanda ke wurare biyu. Ka ɗauki misalin hanyar burji da ta tashi daga bakin kwalta ta nufi wani ƙauye. Ɗan sa-kai ya zana ta shekarun baya daga sawun wayarsa, layin yana da 'yan karkace-karkace, amma ya rubuta surface=unpaved, ya sa ɗigo a inda ta tsallaka rafi da laƙabin ford=yes, ya kuma rubuta sunan da direbobin tasha ke kiran ta. Layin hukuma yana gefensa da mita 12, sumul, ya bi tsakiyar hanyar daidai yadda hoto ya nuna, sai dai bai san da rafin ba kuma sunansa lamba ce kawai. Kowanne yana da abin da ɗayan ba shi da shi. Abin da ba za ka yi ba shi ne goge na ɗan sa-kai ka bar na hukuma, domin gogewa tana tafiya da tarihin layin, da sunan wanda ya zana shi, da duk wata alaƙa da aka ɗaura masa, kamar layin motar haya ko dokar hana juyawa a mahaɗa. Zaɓi tsohon layin ka danna Ctrl+H ka karanta tarihinsa tukuna. Idan an ja shi ne daga ziyarar ƙafa ta kwanan nan, ka bar siffarsa yadda take, ka ƙara masa lambar hukuma kawai. Idan siffar hukuma ce ta fi, ka kwafo layin, ka yanka shi da P har tsawonsa ya yi daidai da na tsohon, ka zaɓi duka biyun, ka danna Ctrl+Shift+G, wato umarnin Replace Geometry. Tsohon layin zai ɗauki sabuwar siffa yana riƙe da lambar shaidarsa ta cikin taswira da tarihinsa. Bayan haka ka koma ka bi shi daga farko zuwa ƙarshe, ka tabbata ɗigon mashigin rafin yana kan layin, kuma rassan da ke manne da shi ba su saki ba.

Idan laƙubba suka yi karo, JOSM za ta buɗe taga ta tambaye ka. Ƙa'idata a nan ita ce abin da mutum ya gani da idonsa a wurin ya fi abin da ke cikin fayil. Sunan da ke jikin allo ko wanda kowa ya sani shi ke zama a name, na takardar hukuma ya tafi official_name, wanda 'yan unguwa ke faɗi a baki ya tafi loc_name, tsohon suna old_name, na Hausa kuma name:ha. Babu dalilin da zai sa a kashe suna ɗaya domin wani ya rayu, tunda taswirar tana da gurbin kowanne, kuma mai neman titi da sunan da ya sani tun yana yaro zai same shi.

Mahaɗu, gadoji da bakin yanki

Layuka biyu da suka gitta juna a allo ba su haɗu ba sai sun yi tarayya a ɗigo ɗaya. Ka matso da hoton sosai a kan kowace mahaɗa: sau da yawa za ka tarar bakin sabon titi ya tsaya taku ɗaya kafin babban titi, ko ya ɗan wuce shi kaɗan, abin da ido ba ya gani daga nesa amma manhajar nuna hanya ke ɗauka a matsayin bango, ta sa direba dogon zagaye. Harafin J yana manna ɗigo a jikin layi, M kuma yana narkar da ɗigo biyu su zama ɗaya. Akasin haka ma kuskure ne: gadar sama ba ta haɗuwa da titin da ke ƙarƙashinta, don haka ka yanka ɓangaren gadar ka sa masa bridge=yes da layer=1 ba tare da ɗigon tarayya ba. Inda hukuma ta ja layi ɗaya a tsakiyar tagwayen hanya alhali 'yan sa-kai sun zana hannu biyu kowanne da alkiblarsa, na 'yan sa-kai ne daidai. Haka shataletale, wanda fayilolin hukuma kan mayar da shi ɗigo guda.

Titin da ya fita daga yankinka ya shiga na abokin aikinka, ku yi yarjejeniya tun farko a kan wanda zai ɗinke shi, domin wannan ne ainihin ramin da TIGER ta faɗa a iyakokin gundumomi. Kafin ka yanka ko ka goge wani abu kusa da bakin yankin da ka sauke, ka ƙara sauko da abin da ke kewaye da shi, saboda ɗigon da kake ganin ba kowa a kansa yana iya riƙe da wani titi da bai bayyana a allonka ba.

Tantancewa da ɗorawa

Danna Shift+V domin mai binciken kurakurai na JOSM ya bi aikin. Layuka masu hawa kan juna, ɗigo biyu a wuri ɗaya, titunan da suka gitta ba mahaɗa, da bakin titi da ya tsaya dab da wani, duk ka warware su kafin ka aika. Ƙunshin gyara ɗaya, wato tarin gyare-gyaren da ake ɗorawa tare a ƙarƙashin bayani guda, ba ya wuce abubuwa 10,000, layi ɗaya kuma ba ya wuce ɗigo 2,000, amma kada ka kusanci wannan iyaka. Unguwa ɗaya ko ƙauyuka kaɗan a ƙunshi ɗaya sun fi sauƙin dubawa da janyewa. A bayanin ƙunshin ka rubuta yankin da abin da ka yi, ka sa source da sunan bayanan da shekararsu, da import=yes, da adireshin shafin shirinka. Idan JOSM ta ce wani ya taɓa layi ɗaya da kai a tsakani, ka karanta abin da ya sauya ka haɗa shi da naka, kada ka danne shi.

Bayan yanki biyu ko uku na farko, ka dakata na 'yan kwanaki. Ka nemi wani gogaggen mai taswira ya duba su a OSMCha, shafin bitar gyare-gyare, ka ga abin da Osmose, manhajar gano kurakurai, ta tono, ka kuma gwada neman hanya daga wani ƙauye da ka shigar zuwa babban gari ka ga ko ta bi inda direban gaske zai bi. Kuskuren da ya maimaitu a yankuna uku daga jadawalinka yake, kuma gyara shi a can ya fi bin tituna ɗari ɗaya-ɗaya daga baya. Idan wani ƙunshi ya ɓaci, ƙarin kayan aiki mai suna reverter yana mayar da shi yadda yake, muddin ba a yi gyare-gyare da yawa a kansa ba.

Jerin nan na wuraren da ka ajiye domin a je a gani, ka raba shi ga waɗanda ke zaune kusa da su, kowa ya tafi da waya mai ɗaukar sawu ya dawo da suna da irin ƙasar hanyar da faɗinta. Hanyoyin fadama da masu tsallaka rafi ka tsara a ziyarce su a tsakiyar damina, wajen watan Agusta, domin hotunan tauraron ɗan'adam galibi na lokacin da sama ta washe ne, kuma hanyar da ta fito fes a hoton rani tana iya zama ruwa ya shanye ta wata uku, abin da ya kamata ya bayyana a laƙabinta kafin mai ɗauke da mara lafiya ya dogara da ita.